Haddam a gonar Baba: yadda aikin ɗalibai uku ya gudana a Maiurno

Tun kafin ya zauna a kujerar ofishina ya riga ya yanke hukunci. Ɗalibi ne ɗan shekarar ƙarshe a sashenmu na jiyoloji, wato ilimin ƙasa da duwatsu, a ɗaya daga jami'o'in Khartoum, kuma ni aka naɗa mushrif ɗinsa, mai duba bahasin da zai rubuta na kammala karatu. Ya miƙo mini takarda da take a rubuce: yadda madatsar ruwan Habasha ke zabtar da gaɓar kogi a Maiurno. Da Larabci muka gaisa. Da idona ya faɗa kan sunan garin sai na juya harshe, na ce, "Kai ɗan can ne?"

Ya yi murmushi ya ce, "Can aka binne cibiyata, Ustaz. Gonar Babana ce. Layi biyu na ayaba sun tafi cikin bahar, har da mangwaron da kakana ya dasa."

Ƙarshen daminar 2021 ke nan. Na sakaya sunayen yaran da na jami'ar, amma sauran na kawo shi yadda ya faru, har da wuraren da ni kaina na yi tuntuɓe, domin malamin da za a danƙa wa yaro irin wannan gobe.

Wurin da tambayar

Wanda bai san Maiurno ba, gari ne a gaɓar yamma ta Shuɗin Nilu, kudu da Sennar, kuma sunan wanda ya kafa shi yake ɗauke da shi: Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya. Shi Mai Wurnon ne ya jagoranci jama'a zuwa gabas bayan yaƙin Burmi na 1903. Garin ya girmi madatsar Sennar, wadda aka gama a 1925 don shayar da gonakin Jazira. Mutanen wurin ba sa cewa Nilu, bahar kawai suke cewa. Lokacin cikowarsa damira ne, zabtarewar gaɓa kuwa haddam, kalmomin Larabcin Sudan da suka zauna daram a bakin Hausawan can.

Sashenmu yana haɗa ɗalibai uku-uku saboda ƙarancin kuɗin mota. Aka haɗa shi da wata yarinya 'yar Gadarif, ita ma Bahaushiya, da wani yaro ɗan Shandi da ba ya jin ko "zo" da Hausa amma ya iya kwamfuta.

Ban ce wa ɗan Maiurno zatonsa shirme ne ba, don ba shirme ba ne. Kogin da ya sauko daga tafkin Tana na Habasha yana ɗauke da laka mai yawa. In aka tare shi a bayan madatsa lakar takan kwanta, ruwan ya fito garau, kuma ruwan da aka raba da lakarsa da yunwa yake fitowa, sai ya rama a jikin gaɓa da ƙasan kogi. Wannan sanannen abu ne a duk inda aka gina babbar madatsa. Matsalar tana wani wuri. An fara tara ruwa a madatsar Habasha a Yulin 2020, kimanin kubik mita biliyan 4.9 daga cikin biliyan 74 da aka gina ta ta ɗauka. A daminar wannan shekarar kuma Sudan ta ga ambaliyar da ta zarce ta 1946 da ta 1988. Tsakanin Habasha da gonar babansa akwai madatsar Rusairis ta 1966, wadda aka ƙara wa tsawon mita 10 a 2013. A ƙasa da gonar kuma ga ta Sennar, wadda ake buɗe ƙofofinta a tsakiyar damira don laka ta wuce, a cika ta in ruwa ya fara washewa, sannan a riƙa janye ruwan cikin rani ana ba Jazira. Ruwan da ke lasar gonar Alhaji, mahaifin yaron, yana hawa yana sauka ne da hannuwa da yawa, shi kuma yaro yana son ya kama hannu ɗaya cikin wata huɗu, ba da ko sisin bincike ba.

Na tambaye shi, "Kafin 2020 gaɓar nan a tsaye take?" Ya yi shiru. Na ba shi labarin ƙoƙon kan mutumin da aka tsinta a gaɓar wannan kogin a Singa a 1924, wanda masana suka ce ya haura shekara 100,000. Kogin ne ya tono shi, tun kafin a rufe ƙofar madatsa ko ɗaya a kansa.

Muka yi kwana uku muna ja-in-ja. A ƙarshe tambayar ta koma ƙarama: a wani yanki na gaɓar da bai fi tafiyar rabin sa'a a ƙafa ba, ina ne take faɗuwa, yaushe, kuma da wace irin ƙasa aka gina ta. Ya karanta sabon taken ya ce, "Ustaz, wannan ai ko masu buga jan bulo sun san shi." Na ce to madalla, su za mu fara tambaya.

Hotuna biyu

Ranar 25 ga Oktoban 2021 sojoji suka kifar da gwamnatin riƙon ƙwarya, aka yanke intanet na makonni, karatu ya tsaya. Da layi ya dawo, ɗan Shandi ya sauko da hotunan tauraron ɗan'adam guda biyu, ɗaya na kafin 2020, ɗaya na bayanta, ya ɗora su a kan juna a QGIS, wata manhajar taswira, ya zana layin bakin ruwa. Su uku suka shigo ofis kamar waɗanda aka yi wa albishir. Kogin ya ci ƙasa mai faɗin filin ƙwallo, in ji su.

Kallo ɗaya na yi na gane abin da ya faru, amma na haɗiye. Na ce su je su kawo mini ranar da aka ɗauki kowane hoto, da faɗin ƙasar da ɗigo ɗaya na hoton yake wakilta. Kwana biyu ban gan su ba. Da suka dawo 'yar Gadarif ce ta yi magana, kanta a ƙasa: hoton farko na rani ne, na biyu na damira. Bakin ruwa suka auna, ba bakin gaɓa ba. Sannan ɗigo ɗaya na hoton tauraron Landsat mita 30 ne, na tauraron Sentinel-2 mita 10, alhali layin ayaba biyu ba su kai ko ɗaya daga ciki ba. GPS na waya ma yakan kauce da mitoci da dama.

Na san malamai da za su ce na ɓata kwana biyu. Ni dai na lura cewa daga ranar babu hoton da ɗan Shandi ya sake buɗewa bai fara duba kwanan watansa ba.

A fili

Da sanyi ya shigo muka hau bas ta Wad Madani zuwa Sennar, kusan kilomita 300, daga nan muka shiga bokis, wato motar a-kori-kura, zuwa Maiurno. A gidan Alhaji muka sauka. Da asuba ya ce wa ƙaramin ɗansa ya je ya tayar da babur, na leƙa ina neman abin hawa, ashe injin ban ruwa ake nufi. Na girma a Khartoum ina jin rediyon Hausa, kunnena ya saba da babur ɗin Kano.

Kayan aikinmu babu na a zo a gani: tef ɗin awo, rodin ƙarfe da muka sa maƙeri ya yanka, fenti, ledoji, kwalbar ruwan asid mai rauni, da littafi ga kowa. Rodin ana kafa shi ne nesa da baki, a auna tazararsa da gaɓa, a kuma ɗaure awon da wani abu da ba ya motsi, kamar gindin injin ko kusurwar ginin siminti. Doka ɗaya na kafa ban yarda a taɓa ta ba: babu mai tsayawa ƙarƙashin gaɓar da ta yi rumfa, ko don hoto. Littafin kuwa na sa kowa ya raba shafi gida biyu, dama a rubuta "na gani", hagu a rubuta "ina zato". A ranar farko ɗan Maiurno ya rubuta a dama cewa ruwa mai yunwa ya ci gindin gaɓa. Na tambaye shi ko ya ga yunwar da idonsa. Ya yi dariya ya goge.

Da dare na biyu ne na yi ɓarnar. Muna zaune a tsakar gida bayan tuwo, ga maƙwabta sun zo gaida baƙi, Alhaji ya ce, "Malam, yaron nan ya ce mana dam ɗin Habasha ne ya ci gonar. Haka ne?"

Na ce, ina 'yar dariya, "Alhaji, ai bai auna komai ba tukuna. Zato ne irin na yara."

Gaskiya na faɗa, amma a inda bai kamata ba. Shi ne na farko a gidan da ya shiga jami'a. Da kuɗin ayabar nan aka biya masa. Maƙwabtan da ke zaune sun saba kiransa injiniya. Ni baƙo, na ci tuwonsu, na kuma tuɓe masa rawani a gaban mahaifinsa.

Bai ce uffan ba. Washegari komai na faɗa sai ya ce "na'am, Ustaz". Da na duba littafinsa da yamma, gefen hagu fari fat, gefen dama kuma maganganuna ne ya kwafe kalma da kalma. Yaron da ya yi kwana uku yana musu da ni a ofis ya koma marubucina. Malami da yawa zai ji daɗin wannan ya kira shi ladabi. A aikin bincike kuwa, ɗalibin da ya daina musu ya daina dubawa, ya koma jiran abin da malam yake so ya ji.

Sai a rana ta uku na fahimta. Bayan isha'i na same shi a kan angarib, gadon igiya, a ƙofar gida, na zauna kusa da shi, na ce, "Abin da na yi maka shekaranjiya ban kyauta ba. Ka yafe ni." Ya rikice, don a tarbiyyarmu babba ba ya faɗin haka ga yaro. Ya ce, "Haba Ustaz, ba komai." Na san akwai komai. Da safe na roƙi Alhaji ya raka mu gaɓa, na karɓi bakin tef na tsuguna, na bar ɗansa yana nuna masa hawa-hawan ƙasar: baƙin yumɓu a sama mai darewa in ya bushe, laka mai laushi a tsakiya da 'yan fararen duwatsu da ke tafasa in an ɗiga musu asid, sai rairayi a can gindi. Alhaji ya sa yatsa ya murza rairayin, ya dubi ɗansa, ya gyaɗa kai. Da rana yaron ya ce mini awon da na yi a rodi na uku ba daidai ba ne. Aka sake, shi ne da gaskiya.

Inda gaɓa ke kuka

Kuskurena na biyu ya riga wannan, a Khartoum na yi shi. Da nake rabon aiki na ba 'yar Gadarif tankaɗen ƙasa a ɗakin gwaji, na ce samarin su je fili. Ta bari kowa ya fita, ta ce, "Ustaz, wa ya gaya maka Babana zai hana ni zuwa?" Babu wanda ya gaya mini. Ni na hana ta da sunan mahaifinta. Ta kira shi a gabana, ya ce in dai cikin matan gida za ta kwana, ta je.

Ita ta kawo abin da ya zama ƙashin bayan bahasin. Da sassafe takan bi matan gidan zuwa bakin ruwa wanki. A nan wata tsohuwa ta tsawata wa jikanta, ta ce kada ya zauna a inda gaɓa ke kuka. Ta tambaya mene ne kukan gaɓa. Suka kai ta suka nuna mata: a wasu wurare, bayan bahar ya ja da baya, ruwa yana tsattsafowa daga cikin rairayin gindin gaɓar, yana fitowa da ƙwayoyin yashi, yana barin 'yan ramuka kamar na ɓera. Matan sun ce duk inda ta yi kuka, ba ta daɗewa.

Abin da littattafanmu ke bayyanawa da lissafi ke nan. In kogi ya cika, gaɓa takan sha ruwa ta ƙoshi, nauyin ruwan kogin kuma yana tallafe da ita. In ya sauka da sauri tallafin ya tafi, ruwan da ke cikin ƙasa ya nemi hanyar fita, kuma rairayi ne hanya mafi sauƙi. Yana fita yana rarake gindi, yumɓun sama ya zauna a kan iska, darewar da ya yi a rani ta zama layin da zai karye. Na koyar da wannan shekara da shekaru a allo. Ban taɓa jin sunan da ya dace da shi kamar na matan Maiurno ba, kuma na sa ta rubuta kalmar yadda aka faɗe ta, da Hausa, a cikin bahasin.

Daga nan muka ɗauki hira da dattawa da muhimmanci, amma da sharaɗi. Ba a tambayar tsoho mita nawa kogi ya ci. Ana tambayarsa ina gaɓa take a shekarar babban ruwa ta 1988 in aka kwatanta da abin da har yau yana tsaye, a kuma tambayi wani dabam ba a gaban na farko ba. Inda biyu suka dace a sa a taswira, inda suka saɓa a rubuta saɓanin. Masu jan bulo sun nuna mana inda suke ɗibar laka da inda suke gudu. Ɗan Shandi ya fara jin an ware shi tunda duk hirar da Hausa ake yi, sai muka ba shi allon zane, dattawa suna nuni yana zanawa, da dare abokansa su fassara masa. Kafin mu tafi ya iya cewa "sannu da aiki, Baba".

Bayanan hawa da saukar ruwa na kullum suna hannun wani ofishi. Mun rubuta wasiƙa, mun sake rubutawa, har aka gama aikin ba su iso ba. Yaran suka yi wa bututun injin Alhaji zane da fenti, ƙanen ɗan Maiurno ya riƙa ɗaukar hotonsa kowace safiya yana turowa ta WhatsApp. Awo ne na talaka, amma nasu ne, kuma sun san iyakarsa.

Abin da ba ya son rubutawa

Da suka jera wuraren kuka a kan taswira, abu biyu suka fito. Yawancinsu suna bayan gwiwar kogi, inda ruwa ke bugawa. Waɗanda suka fi jiƙa kuma suna daidai gonakin ayaba da ake shayarwa kullum. Ayaba mashayiyar ruwa ce, kuma kwalbatin Alhaji yana bin gefen gaɓa, taku kaɗan daga baki.

Ya zo ofis shi kaɗai ya rufe ƙofa. "Ustaz, in rubuta cewa Babana ne ya jefa gonarsa a ruwa?"

Na ce ba abin da ya gani ke nan ba. Ya ga ƙasa jiƙe, ya auna tazarar kwalbati da baki, ya ga gonar tana bayan gwiwa, ya ga rairayi a gindi. Wanne ya fi wanne laifi, awonsa bai kai ya raba ba, kamar yadda bai kai ya kama Habasha ba. Amma in ya cire kwalbatin saboda na gidansu ne, ya bar madatsa saboda ta wasu ce, to ya san sunan wannan. Ya daɗe yana kallon taswirar. Ya rubuta shi, a sakin layi ɗaya gajere, bai ambaci mai gonar ba, kuma ban matsa masa ya ambata ba.

Aikin ɗakin gwaji bai da labari mai yawa. Wuta tana ɗaukewa, tanda ba ta aiki, suka shanya samfur a faranti a rana. Leda ɗaya takardarta ta goge, 'yar Gadarif ta ce tana kyautata zaton ta rodi na biyar ce, na ce a zubar. A rubutu kuma yaƙina da kalma ɗaya ne, "ya tabbatar", wadda na yi ta kewayewa da jan biro har suka koyi cewa "ya nuna" ko "ya yi daidai da".

Ranar munaƙasha, wato ranar kare bahasin, ɗaya daga masu jarrabawa ya ce, "To a ƙarshe, madatsar ce ko ba ita ba ce?" Na ji gabana ya faɗi. Ɗan Maiurno ya ce, "Duktur, ba mu auna abin da zai amsa wannan ba. Mun bar rodi a ƙasa da awonsu a rubuce. Wanda ya koma bayan 'yan shekaru zai sami abin da zai kwatanta." Ɗayan mai jarrabawar ya rage musu maki, ya ce yankin ya yi ƙanƙanta kuma rani ɗaya ba ya isa. Ban yi masa musu ba. Da zan sake, da na kai su gaɓar tun kafin a rubuta take, da kuma na nemi ɗaliban shekara mai zuwa su gaji rodin tun a lokacin, maimakon in bar shi a baki.

Mun shirya komawa da sabon rukuni. Ranar 15 ga Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke a Khartoum, aka rufe jami'a, ledojin samfur da kwafin bahasin suka rage a ofis ɗin da ban sake shiga ba. Abin da ya tsira shi ne hotunan shafukan littattafan fili, waɗanda 'yar Gadarif ta ɗauka da wayarta ba tare da kowa ya sa ta ba.

Saƙon ƙarshe da na samu daga ɗan Maiurno kafin layinsu ya yanke na wani lokaci hoto ne na gonar. Rodi na huɗu babu shi, ya bi ayaba. Kwalbatin kuma an janye shi baya sosai. Na rubuta masa cewa ashe Alhaji ya karanta bahasin. Ya amsa da muryarsa yana dariya: "A'a Ustaz, Inna ce. Ta ce shekara nawa tana faɗa masa wurin yana kuka, sai da ya ga an zo da tef daga Khartoum."